Tsohuwar laftof a kan wayar firinta: saƙo yana fita, amsa ba ta dawowa

Isuhu: Assalamu alaikum, ƴan uwa na wannan zaure. Ina neman shawara a kan matsalar da ta sha mini kai kwana uku. Akwai tsohuwar laftof ta marigayi mahaifina wadda ya riƙa ajiye lissafin cinikin gujiya da riɗi a cikinta tun 1998, kuma yanzu iyali suna son a kwaso waɗannan takardu saboda rabon gado. Ba ta da kafar USB, ba ta da katin sadarwa, ramin PCMCIA da ake sa irin wannan kati kuma ya daɗe da lalacewa. Abin da ya rage mata lafiyayye shi ne kafar firinta mai rami 25. Lokacin ina ɗalibi na sa mata Debian 3.0, wani nau'in Linux, a gefe ɗaya na faifan, saboda haka na haɗa ta da tsohuwar kwamfutar tebur da ke shagona a Ali Ɗan Sofo ta hanyar PLIP, wato sadarwa tsakanin kwamfuta biyu ta wayar kafar firinta. Ta tebur tana jone da rawuta, wato na'urar raba intanet, ta waya, adireshinta 192.168.1.10, rawutar kuma 192.168.1.1. A kan plip0, sunan da Linux ya ba wannan haɗi, na ba ta tebur 192.168.1.49, na ba laftof 192.168.1.50. Su biyun suna amsa wa juna ping, wato saƙon gwaji, ba tare da gardama ba, amma laftof ba ta kai wa rawuta, ba ta kai wa sabuwar kwamfutar ƙanwata da ke kan wayifai, balle intanet.

Rabe: Wa alaikumus salam, Yaya Isuhu. Allah Ya jiƙan Baba. Ni a ganina wahalar ta fi ƙarfin ribar. Faifan irin waɗannan injuna IDE ne mai haƙori 44, kuma akwai ƴar na'urar da ke juya shi zuwa USB. Ka kwance faifan, ka jona shi a sabuwar kwamfuta, cikin rabin awa ka gama. Idan kuwa sai ta waya kake so, ka fara duba wayar, domin wayar firinta ta kasuwa ba ta yin wannan aiki.

Isuhu: Amin, na gode ƙanena. Na nemi wannan na'ura a babbar kasuwa ban samu ba, sai dai in ba da saƙo Kano, kuma robar jikin laftof ɗin ta bushe har ina tsoron in taɓa kusoshinta ta farfashe a hannuna. Wayar kuwa ni na haɗa ta da dalma: haƙori na 2 zuwa na 15, na 3 zuwa na 13, na 4 zuwa na 12, na 5 zuwa na 10, na 6 zuwa na 11, na maimaita haka daga ɗaya kan, sannan 17 da 17, 25 da 25. Tsawonta mita biyu ne, na kuma auna kowane zare da mita.

Malam Sanusi: Allah Ya gafarta wa mahaifinka, Isuhu. Haɗin da ka lissafa shi ne na wayar da ake kira LapLink, kuma tun da ping yana zuwa yana dawowa tsakanin injunan biyu, to a yanzu mu ajiye zancen waya, kada mu ɓata dare muna tuhumar marar laifi. Abin da nake so ka turo mana shi ne jadawalin hanyoyin da `route -n` ya nuna a kan laftof, da kuma umarnin da ka rubuta lokacin da kake nuna mata ƙofar fita, harafi da harafi.

Isuhu: Malam, layi ɗaya ne kacal a jadawalin, wanda ke nuna 192.168.1.49 ta plip0. Na rubuta `route add default gw 192.168.1.1`, sai ta ƙi karɓa, ta ce ba ta iya kai wa wannan hanya. Na ɗauka cewa tun da rawuta ce ƙofar fita ga kowa a shagon, ita ce ƙofar laftof ma.

Malam Sanusi: To ga kuskure na farko. PLIP haɗi ne na mutum biyu rak, wannan kai da wancan kai, babu na uku a kan wayar. Ƙofar fita kuwa dole ta kasance na'urar da kwamfuta ke iya miƙa wa saƙo hannu da hannu, ba tare da ɗan aike a tsakani ba. Wanda ke zaune a ƙuryar gida ba ya cewa ƙofarsa ita ce ƙofar gari. Ƙofarsa ita ce ta zaure, daga zaure ne ake fita titi. Laftof ɗinka maƙwabciya ɗaya ta sani a duniya, wato 192.168.1.49, saboda haka ka rubuta `route add default gw 192.168.1.49`, sannan ka sake gwadawa.

Isuhu: Alhamdu lillahi, ta karɓa, kuma an samu ci gaba: yanzu laftof tana samun amsa daga 192.168.1.10, wato ɗaya fuskar ta tebur da ke kallon rawuta. Ke nan saƙon yana ratsa ta tebur yana fita ɗaya ɓangaren. Sai dai 192.168.1.1 har yanzu shiru.

Hajiya Hadiza: Sannunku da aiki. Isuhu, kada wannan amsa ta ruɗe ka, domin ta ruɗi mutane da dama kafin kai. Linux yana amsa saƙon da aka aiko wa kowane adireshi nasa, ko ta wace kafa saƙon ya shigo, saboda haka amsar da ka samu daga 192.168.1.10 ba ta taɓa wayar rawuta ba ko kaɗan. A cikin ta tebur aka karɓa, a ciki aka mayar. Ba ta tabbatar da cewa injin yana miƙa saƙon wani zuwa gaba ba. Ka duba abin da ke cikin `/proc/sys/net/ipv4/ip_forward`. Idan 0 ne, kuma haka yake zuwa tun asali, to ta tebur tana zubar da duk saƙon da ba nata ba ba tare da ta ce uffan ba.

Isuhu: Hajiya, gaskiyarki, 0 ne. Na rubuta `echo 1 > /proc/sys/net/ipv4/ip_forward` a matsayin mai cikakken iko, na duba ya koma 1. Na kuma duba katangar tsaro da `iptables -L FORWARD`, babu wata doka a ciki, kuma a buɗe take. Duk da haka rawuta ba ta amsa ba. Anya ba rawutar ce ke ƙin baƙuwa ba?

Hajiya Hadiza: Maimakon mu yi ta hasashe, mu saurari wayar da kunnenmu. Ka bar ping yana tafiya a kan laftof, ka koma ta tebur ka rubuta `tcpdump -n -i eth0 host 192.168.1.50`, ka faɗa mana abin da ke gilmawa a eth0, wato kafar da ke kallon rawuta. Ka kula musamman da layukan ARP, wato na neman mai adireshi, kada ka tsaya ga na ICMP, wato na ping, kaɗai.

Isuhu: Ga abin da na gani, kuma ya ba ni mamaki. Kowane sakan saƙon ping yana fita daga 192.168.1.50 zuwa 192.168.1.1, wato yanzu ta tebur tana miƙawa. Bayan haka sai layin ARP daga rawuta, tana tambayar wane ne mai 192.168.1.50, ta maimaita, ta sake maimaitawa, babu mai amsa mata.

Hajiya Hadiza: To yanzu an kama bakin zaren. Saƙonka yana isa, rawuta ta ji shi, ta kuma shirya amsa, amma ba ta san hannun da za ta danƙa wa ba. A nata lissafin, duk adireshin da ya fara da 192.168.1 yana zaune tare da ita a tsakar gida ɗaya, saboda haka ba ta neman ɗan aike, sai ta ɗaga murya ta ARP tana kiran mai adireshin ya faɗi lambar katinsa. Wannan kira kuwa ba ya ƙetare ta tebur, kuma ko da ya ƙetare, plip0 ba ta aiki da ARP tun asali, tun da haɗin mutum biyu ba ya buƙatar a tambayi wane ne wane. Ka gina hanyar tafiya ka manta da ta dawowa, kuma yawancin matsalolin irin wannan haɗi a nan suke maƙalewa. Kwamfutar ƙanwarka ma abin da ke faruwa da ita ke nan. Mafita uku ce na sani, kuma ina jin za a yi saɓani a kan wadda ta fi.

Lawali: Ni ban ga abin saɓani ba, Hajiya. A sa NAT, wato sauya adireshin saƙo a hanya, a huta. Layi ɗaya ne a kan ta tebur: `iptables -t nat -A POSTROUTING -o eth0 -j MASQUERADE`. Daga nan duk saƙon da ya fito daga laftof zai fita da adireshin 192.168.1.10, rawuta ta san wannan adireshi, za ta mayar masa da amsa, ta tebur kuma ta juya ta zuwa plip0. Haka muka riƙa yi a gidajen intanet tun zamanin ipchains, kafin iptables ya zo da ƙwayar Linux ta 2.4 a 2001, kuma ba sai an taɓa rawuta ba.

Malam Sanusi: Lawali, maganarka tana aiki, ban musa ba, amma ni malamin lakwal ne, kuma ba na son ɗalibi ya rufe kuskure da bargo. Asalin kuskuren shi ne an ɗauki adireshi daga unguwar rawuta an ba injin da ba ya zaune a unguwar. Gyaran da ya dace shi ne a ba wayar firinta tata unguwar, misali 192.168.3.1 ga ta tebur da 192.168.3.2 ga laftof, sannan a shiga rawuta a rubuta mata tsayayyar hanya cewa duk saƙon 192.168.3 a miƙa shi ga 192.168.1.10. Ta haka kowane inji yana tafiya da sunansa na gaskiya, kuma wanda ya zo bayan shekara biyu ya buɗe jadawalin zai fahimci tsarin ba tare da an yi masa bayani ba. NAT kuwa yana ɓoye laftof a bayan ta tebur, ita tana iya kiran kowa, amma babu mai iya fara kiran ta. Isuhu ya ce yana son kwamfutar ƙanwarsa ta jawo takardun, ke nan daga waje za a fara kiran.

Lawali: Malam, da girmanka, ai ba dole ne ƙanwar ta jawo ba, laftof tana iya turawa. Ko kuma a kwafa zuwa ta tebur tukuna, daga can a ɗauka da ƙaramin faifan USB, ba a ma buƙatar hanya ko ɗaya. Idan kuma lalle sai an kira ta daga waje, akwai DNAT, wani nau'in NAT da ke juya kiran da ya zo wa kafar sadarwa ɗaya zuwa ciki.

Malam Sanusi: Ka ga yanzu layinka ɗaya ya zama biyu, kuma gobe idan ya so wata kafar zai zama uku.

Isuhu: Ku gafarce ni, bari in sa baki. Kwafa zuwa ta tebur zai fitar da takardun, haka ne, Yaya Lawali, amma faifan ta tebur ya kusa cika, kuma ina son ƙanwata ta riƙa buɗe kundin da kanta tana zaɓar shekarun da magada suka tambaya, tun da ita ce ta san lissafin. Ina kuma son laftof ta kai intanet don in sauko da ƴan manhajoji daga rumbun tsofaffin Debian. Game da shawarar Malam, na shiga shafin rawutar, wadda kamfanin da nake sayen intanet a wurinsu ya ba ni, na tarar babu wurin rubuta tsayayyar hanya ko kaɗan. Sunan wayifai da kalmar sirri da jerin adireshin da take rabawa kaɗai ake gani.

Malam Sanusi: To ita kam ta ɗaure mini hannu. Ana iya rubuta hanyar a kan kwamfutar ƙanwarka kai tsaye, amma wannan zai gyara tsakaninsu ne kawai, intanet kuma sai an koma ga NAT ɗin Lawali, abu biyu ke nan don aiki ɗaya. Hajiya, faɗi ta ukun.

Hajiya Hadiza: Ta ukun ita ce a bar adireshin yadda Isuhu ya sa su, a sa ta tebur ta zama wakiliyar laftof wajen amsa kira. Idan ka rubuta `echo 1 > /proc/sys/net/ipv4/conf/eth0/proxy_arp`, to duk lokacin da rawuta ta tambayi mai 192.168.1.50, ta tebur za ta duba jadawalinta, ta ga cewa hanyar wannan adireshi ta plip0 take, ba ta kafar da tambayar ta shigo ba, sai ta amsa da lambar katinta, kamar yadda mai gida ke karɓar wasiƙar baƙon da ya sauka a wurinsa. Rawuta za ta miƙo saƙon tana zaton ta ba mai shi, ta tebur kuma ta ƙarasa da shi ta wayar firinta. Sharuɗɗan biyu duk ka riga ka cika su: miƙa saƙo a kunne yake, kuma hanyar 192.168.1.50 ta plip0 tana cikin jadawalin tun lokacin da ka tayar da haɗin. Malam zai ce wannan ma dabara ce, kuma gaskiya ne, amma don inji ɗaya a bayan rawutar da ba a iya taɓawa, ban san abin da ya fi ta sauƙi ba. Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: ka duba jerin adireshin da rawutar ke rabawa, domin idan 49 da 50 suna ciki, wata rana za ta ba wayar salular wani abokin ciniki ɗaya daga cikinsu, ka wayi gari haɗin yana yankewa ba ka san dalili ba.

Malam Sanusi: Na yarda da ita a wannan hali, amma Isuhu ya rubuta abin da ya yi a takarda ya manna a jikin ta tebur, domin wakilcin ARP ba ya bayyana a jadawalin hanyoyi, kuma mantuwa ba ta sallama.

Isuhu: Jerin rawutar daga 100 ya fara, saboda haka 49 da 50 suna waje. Na kunna wakilcin, kuma kafin in juyo daga kujera rawuta ta fara amsawa. Kwamfutar ƙanwata ma tana ganin laftof. Na gwada ping zuwa 8.8.8.8, wani adireshi a intanet, ya dawo. Amma idan na rubuta sunan rumbun Debian sai ta ce ba ta san sunan ba.

Lawali: Wannan ba matsalar hanya ba ce kuma, ta fassara suna ce. Laftof ba ta karɓi komai daga rawuta kai tsaye ba, saboda haka babu wanda ya faɗa mata wurin tambayar sunaye. Ka buɗe `/etc/resolv.conf` ka rubuta `nameserver 192.168.1.1`.

Isuhu: Ya yi, na gode. Sai dai ga wata sabuwa. Ƙananan takardu suna wucewa, amma da ƙanwata ta fara jawo babban kundi sai abin ya riƙa tafiya yana tsayawa, kuma `dmesg`, mai nuna saƙonnin ƙwayar Linux, a kan ta tebur ya cika da ƙorafin cewa lokacin jira ya ƙare. Rabe, ko dai wayar tawa ce bayan duk wannan?

Rabe: Ni dai na faɗa tun farko, Yaya. Amma mita biyu ba tsawo ba ne, tun da har mita 15 ake yarda da shi, sai dai idan dalmar wani haƙori ba ta kama sosai ba.

Alhaji Habu: Ina biye da ku tun ɗazu ban ce komai ba, domin zancen hanyoyi ya fi ƙarfina, amma kafar firinta na san ta tun muna gyaran injunan ofis a shekarun 1990. Ɗana Isuhu, kafin ka sake kunna ƙarfen dalma, ka nemi layin da direban plip ya rubuta lokacin da ya tashi, a kan injunan biyu. Zai faɗi adireshin kafar, galibi 0x378, ya kuma faɗi ko yana amfani da IRQ, wato layin da na'ura ke kiran ƙwaƙwalwar inji da shi, ko ba ya yi. Wannan waya bit huɗu take ɗauka a lokaci guda, zare na biyar kuma shi ke cewa ga shi na aiko, saboda haka kowane bayit sai an raba shi biyu, ana jiran juna a kowane rabi. Zaren da ka kai haƙori na 10 shi ne ke ƙwanƙwasa wa ɗaya injin ƙofa cewa saƙo na tafe, kuma wannan ƙwanƙwasa ta IRQ take shiga. Firinta ba ta damu da IRQ ba, shi ya sa sau da yawa ake tayar da kafar ba tare da shi ba. Direban plip zai yi aiki a hakan, amma sai ya riƙa leƙowa lokaci-lokaci, mai aikowa kuma haƙurinsa kaɗan ne.

Isuhu: Baba Alhaji, haka ne. Laftof ta ce tana amfani da IRQ 7, ta tebur kuwa ta ce 0x378 ba tare da IRQ ba.

Alhaji Habu: To ka shiga BIOS na ta tebur ka tabbatar kafar tana kan 378 da IRQ 7, kuma idan akwai zaɓi ka sa ta a SPP, wato tsarin kafar na asali, domin wannan haɗi ba ya cin moriyar tsare-tsaren ECP ko EPP da suka zo daga baya. Ka duba `/proc/interrupts` kada wani ya riga ya zauna a kan 7, don tsofaffin katunan sauti sun saba kama 5 ko 7. Bayan haka ka saukar da plip0, ka cire direbobin plip da lp da ppdev da parport_pc, ka mayar da shi da `modprobe parport_pc io=0x378 irq=7`, sannan plip, amma lp, direban firinta, ka bar shi a waje don kada su yi rububin kafa ɗaya. Idan ƙorafin bai ƙare ba, akwai `plipconfig` da ke ƙara wa'adin jira, wanda asalinsa 500 ne da 3000 na miliyan ɗaya na sakan, amma kada ka fara da shi.

Hajiya Hadiza: Ƙari a kan maganar Alhaji, tun da za ka sake kunna injin: duk abin da ka rubuta da `echo` zai goge. Ka sa `net.ipv4.ip_forward=1` da `net.ipv4.conf.eth0.proxy_arp=1` a cikin `/etc/sysctl.conf`, zaɓin parport_pc kuma a cikin wani fayil a `/etc/modprobe.d`, in ba haka ba duk ranar da wuta ta ɗauke za ka dawo mana da tambayar farko. A kan laftof ma ka rubuta adireshin da ƙofar fita a `/etc/network/interfaces`.

Isuhu: Jama'a, Allah Ya saka da alheri. A BIOS kafar tana kan ECP ne, na mayar da ita SPP, babu kowa a kan 7, kuma yanzu direban ya ce yana amfani da IRQ 7 a injunan biyu. Ƙorafin ya tsaya, ban taɓa `plipconfig` ba, ban kuma taɓa dalmar ba. Na kashe ta tebur na kunna da gangan don in gwada abin da Hajiya ta ce, komai ya tashi da kansa in ban da plip0, wadda na manta ban rubuta ta a fayil ɗin ta tebur ba, na kuma gyara. Gudun yana kusan kilobayit 30 a sakan, kuma ta tebur tana yin nauyi sosai yayin kwafar, har linzamin yana tsalle.

Alhaji Habu: Nauyin ba ciwo ba ne, ƙwaƙwalwar injin ce da kanta ke tsaye a kan kowane rabin bayit, babu mai taya ta. Kada ka buɗe wani aiki a kanta har a gama.

Isuhu: To Baba. Kundin duka megabayit 200 ne da ƴan kai, a lissafina wajen awa biyu ke nan. Ƙanwata ta fara da na 1998 zuwa 2001, waɗanda kawunmu ya fi matsa mana a kansu, sauran kuma za mu bar su suna tafiya bayan sallar isha'i idan wuta ta zauna. Malam, takardar tana manne a jikin ta tebur.